Gumbar Sadakar Uku a Ƙofar Gidan Gajiyayyu

Shekaruna saba'in da tara bana, bisa lissafin da mahaifiyata ta bar mini, kuma abin da za ni ba da labarinsa ya auku shekara talatin da huɗu da sunka wuce, cikin marka irin wagga da muke ciki. Abin da ya tuno mini da shi ba wani babban abu ba ne. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a zauren gidan gajiyayyu, yayyafi bai ɗauke ba tun asuba, sai ga wata malamar asibiti ta shigo da bokiti mai famfo da sabulu, tana koya wa masu kula da gidan na yanzu yadda ake wanke hannu. Da ta gan ni da furfura da sanda sai ta zaci ina cikin waɗanda ake riƙo, ta duƙa ta ce, "Baba, kawo hannunka in gwada maka." Na miƙa mata. Ta wanke mini tas, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin akaifa, kuma na shaida ta iya aikinta. Da na koma gida na ce lalle in rubuta wanga al'amari tun ina da sauran ido.

Gidan nan kawuna ne ya gina shi, wani falke da ke kai goro da tufafi Maraɗi yana komowa da kanwa da dabino. Ya yi shi waƙafi a gefen Sabon Birni, bakin hanyar maƙabarta, ɗaki bakwai na laka da jinka, saboda tsofaffin da ba su da mai ɗauke musu ruwa: matan da sunka tsufa ba ɗa ba jika, da makafi, da dattawan da fari ya koro daga arewa ba su sake komawa ba. Da ajali ya zo masa ya danƙa amanar a hannuna, ni da mai ɗakina Hajo. Shekarar da nake zance mutum goma sha huɗu ke kwana ƙarƙashin jinkar gidan.

Gona ɗaya gare mu ta waƙafi, a bakin fadama, kuma ko shekarar albarka ce ba ta kai mu tsakiyar damina. Abin da ke cike giɓin shi ne sadakar gari. Ko suna anka yi, ko rasuwa, ko wani ya tashi daga ciwo, ƙwarya tana zuwa ƙofarmu, tsofaffi su ci su yi addu'a. Haka munka gada, kuma ban taɓa jin wanda ya mai da ƙwarya daga ƙofar nan ba.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, saboda haka tun kafin mu gama noman fari rumbunmu ya koma amo. Sa'an nan ruwan da ya ƙi zuwa bara ya zo da na bana gaba ɗaya. Marka ta kafa, sama ta yi baƙi wuluk kwana da kwanaki, bango ya jiƙe yana warin ƙasa, tabarmi sunka yi fumfuna, ƙuda ya yi yawa har yana duhunta bakin ƙwarya. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shanye fadama, ya haɗa ruwan rijiyoyi da na kwararo. Kullum da safe Hajo da matan da ke iya tafiya su fita da kwando su yago tafasa da rama. Kaka Ige, wata makauniya mai kaifin harshe, ita ke tsinke ganyen da yatsunta, ba ta barin kara ko guda. Mu tafasa, mu kwaɗanta da ɗan ƙuli in an samu, mu jiƙa ƙanzon da Hajo ta ɓoye tun rani. Tuwo sau ɗaya a yini, rabinsa dusa. Gero kuwa yana tsaye a gona kore shar, ya yi ciki, kana kallon abinci da idonka amma tsakaninka da shi kwana arba'in.

Cikin wanga hali amai da zawo ya ɓulla. Mun fara jin labarinsa ga bakin fatake masu zuwa daga Isa, sa'an nan anka ce ya shiga Turba da Kamarawa, kafin mako ya zagayo yana cikin gari. Makara ta riƙa wucewa ta ƙofarmu. Kaka Ige da kunne take ƙirgawa, in ta ji takun mutane cikin taɓo ba mai magana sai ta ce, "Ta uku ke nan yau."

Malam Tunau duba-gari ya iske ni a zaure, ya naɗe wando har gwiwa, ƙafa duk laka. Ya ce, "Isiyaka, ban zo gaisuwa ba. Ciwon ga in ya sami ƙato, yini guda yake kayar da shi, kai kuwa ƙasusuwa kake riƙo. In ya shiga gidan ga ba ga mutum guda za shi tsaya ba. Ta baki yake shiga, ta ruwa, ta hannu, ta abinci. Wuta na kashe shi. Ka tafasa ruwa, ka raba musu ƙoƙo, kuma ka tsare ƙofa. Dafaffe ko jiƙaƙƙe, kada komi ya shigo daga waje."

Na ce, "Malam Tunau, da abin waje muke rayuwa."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na zo da kaina."

Ranar nan munka juya gidan. Tafasa ruwan sha na mutum goma sha shida cikin marka ba wasa ba ne, don itace duk ya sha ruwa, sai hayaƙi mai sa hawaye. Na kwance darnin bayan gida, na tsame karan da ke ƙarƙashin jinkar tsohon rumbu, da su munka riƙa hura wuta. Randa ta sami murfi, moɗa ta koma hannun Hajo ita kaɗai, da ludayi mai dogon hannu take zuba wa kowa. Kowane tsoho ya sami ƙoƙonsa, na makafi na ɗaura musu igiya mai ƙulli, wani ɗaya, wani biyu, wani uku, su shafa su gane. Masai kullum a zuba toka. Masu zuwa gaisuwa su tsaya waje, su yi sallama, a amsa musu daga ciki.

Abin da ya fi tayar da hankalin mazan gidan shi ne kwanon wanke hannu. Al'adarmu kwano ɗaya ne, babba ya fara, ya zagayo har kan ƙarami. Na ɗauke kwanon na kawo buta da toka, ana zuba wa mutum ruwan yana zuba ƙasa. Baba Nomau, tsohon ɗan kokawa daga wajen Alkalawa, mutum mai manyan ƙasusuwa wanda yunwa ta fi cin jikinsa da kowa, ya dube ni ya ce, "Shekara tamanin ina wanke hannu bayan yayyena, yanzu da girma ya zo kaina sai anka ɗauke kwanon? To madalla, Sarkin Ƙofa." Sunan ya bi ni tun daga ranar. Kaka Ige ta ce daga ɗakinta, "Wanke dai, Nomau. Hannun naka rabonsa da ruwa tun kokawarka ta ƙarshe."

Kwana tara muna haka lafiya, sai Garba, ƙanen Alhaji Bawa, ya rasu da ciwon. Alhaji Bawa attajiri ne, abokin fataucin kawuna, kuma tun rasuwar kawu ba a yi Juma'ar da tuwon gidansa bai shigo mana ba. Ran kwana uku da hantsi na hango shi tafe cikin yayyafi, shi da kansa ya rungumo babbar ƙwarya rufe da faifai. Tun daga nesa na san gumba ce. Ita gumba gero ne ake jiƙawa, a daka shi da ɗanyen ruwa da sukari, a cura da hannu, wuta ba ta taɓa ta ko kaɗan. Kuma daga gidan da ciwon ya ɗauki mutum take.

Na tashi na tsaya tsakiyar ƙofar zaure.

Ya ce, "Isiyaka, ga sadakar ukun Garba. A ba tsofaffi su yi mai addu'a."

Na ce, "Allah shi gafarta mai, Alhaji, shi sa ya huta. Addu'a kam tun ranar da ya cika ake yi. Amma gumba ba ta shiga."

"Mi kac ce?"

"Na ce ba ta shiga, ranka shi daɗe. In da hali a ba mu tsaba mu dafa da kanmu."

Ya dube ni tun daga hula har ƙafa. Idonsa jajir saboda kuka. Ya ce, "Ni da kawunka munka aza tubalin ɗakunan ga. Shekara nawa abincin gidana na shiga ƙofar ga ba ka ga ƙazantarsa ba, sai yau da ƙanena ke cikin ƙasa yana jiran lada? Kai ne za ka tsaya tsakanin mamaci da sadakarsa?"

Ban matsa daga ƙofar ba. Ya aje ƙwaryar bisa dakali, ya ce, "Na fid da ita da niyya, ba ta komawa gidana. Tsakaninka da Allah." Ya juya ya tafi, ko waiwaye bai yi ba. Na san a take cewa tuwon Juma'a ya yanke, kuma duk gari za a ji cewa ɗan riƙon waƙafi ya wulaƙanta sadakar mamaci.

Cikin gida ba mai motsi. Sai muryar Kaka Ige, a hankali, ba irin tata ba: "Har nan nake jin ƙamshinta."

Na shiga neman hauya in haƙa rami in turbuɗe ta. Hajo ta tare ni bakin madafa, ta riƙe ƙotar hauyar.

"Malam, abinci za ka binne? Cikin wagga yunwa?"

"Kin ji abin da Malam Tunau ya ce."

"Na ji. Cewa ya yi wuta na kashe ciwon cikin ruwa. To wutar da ta kashe shi cikin ruwa, gumba ce za ta gagare ta? Kawo in dama ta kunu, in tafasa ta har ta manta gidan da ta fito."

Na yi gardama, don ba na son a ce na hana abu da bakina sa'an nan na shigo da shi da hannuna. Mun jima muna ja, ni da ƙota ita da ƙota. Daga ƙarshe na ga maganarta ba ta da inda za a kama ta, na aje hauya na koma zaure. Na tarar faifai ya karkace, kuma a gefen tarin akwai gurbin curi ɗaya. Na ce wa zuciyata kaza ce, alhali na san kazar gidan ta ƙarshe mun yanka ta tun farkon marka. Wanga shi ne kuskurena, kuma ba ni ɓoye shi: na tsare ƙofa da ƙirjina, na bar ƙwarya a buɗe bayana.

Hajo ba ta taɓa gumbar da hannu ba. Ta karkata ƙwaryar cikin tukunyar ruwa mai tafasa, ta dama da muciya, ta sa tsamiya, ta bar shi yana ɓararraka har sai da kunun ya yi kumfa ya faɗa sau uku. Ƙwaryar da faifan ta ƙona su da tafasasshen ruwa, ta wanke hannu da toka har gwiwar hannu. Ranar nan kowa ya sha kunu mai zaƙi ya ƙoshi, karo na fari cikin wata guda, sunka ɗaga hannu sunka yi wa Garba addu'a mai tsawo. Baba Nomau ya karɓi nasa ya sha, amma bai yi ba'a ba, kuma bai yarda mun haɗa ido ba.

Washegari bayan azahar ya faɗi a hanyar masai.

Ban bari kowa ya taɓa shi ba. Na ɗauke shi a kafaɗa, shi da ya kayar da maza a dandali, ban ji nauyinsa ya fi na damin kara ba. Na kai shi ɗakin ajiya da ke can bayan rumbu, na ce daga yau ni da shi ne, ni ma ba ni komowa cikin gida. Hanyar ɗakin shan magani ruwa ya yanke ta, kuma anka ce ko an kai shi mutane kwance suke har ƙarƙashin itace. Malam Tunau ya ratso ruwa ya zo, ya tsaya daga nesa ya koya mini haɗin gishiri da sukari cikin tafasasshen ruwa, ya ce, "Kurɓi kurɓi, kada ka gaji. In ya amayar ka dakata kaɗan ka ƙara. Ranar da ya yi fitsari ka yi hamdala." Na huda gadon kara na aje kasko ƙarƙashinsa, na haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, duk abin da ya fito in zuba in bi shi da toka. Hajo ta riƙa aje mini ruwa da abinci bisa wani dutse tsakanin rumbu da madafa, sai ta koma sa'an nan in fito in ɗauka.

Idonsa ya faɗa rami, muryarsa ta shaƙe, in na tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya yadda na bar ta. Rana ta biyu ya jawo rigata ya ce da raɗa, "Curi guda ne, Sarkin Ƙofa. Guda tak."

Na ce, "Na sani, Baba. Sha."

Ya kurɓa, ya ce, "In na tafi ka hwaɗa ma Ige ta yi daɗi."

Tsofaffin gidan sun so su zo dubiya, don a wurinsu barin majinyaci ba a leƙa shi ba abin kunya ne mai girma. Na hana. Sai sunka fito da tasu dabara. Kullum da safe Hajo ta jera su bakin dutsen nan, masu ido na jan makafi, sun lulluɓa da tsumma saboda yayyafi, su riƙa ɗaga murya ɗaya bayan ɗaya: "Nomau, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi!" Ni kuwa ta wanga jeri nake ƙirga su, in na ga goma sha uku tsaye sai numfashina ya komo. Kaka Ige kullum ita ke rufewa: "Nomau ɓarawon gumba! Ka ci kai kaɗai ba ka sam mini ba. In ka mutu ban yahe maka ba, tashi mu yi shari'a!" Na ga leɓensa yana motsi, yana neman abin da zai mayar mata, kuma ina kyautata zaton neman amsar nan yana cikin abin da ya riƙe shi.

Rana ta uku da la'asar ya yi fitsari. Ban taɓa zaton za ni yi sujadar godiya saboda fitsarin tsoho ba, amma na yi, goshina cikin laka.

Ran da Garba ya cika kwana bakwai, na ji sallama daga bayan gida, inda na kwance darni. Alhaji Bawa ne, yana janye da jaki, taiki bisa bayansa an rufe da buzu, da damin itace busasshe. Munka tsaya, tsakanina da shi taku goma.

Ya ce, "Tunau ya ce mini sadakar Garba ta shiga."

Na ce, "Ta shiga, Alhaji, ta bakin tukunya. Mutum goma sha uku sun sha ta dafaffa, sun yi mai addu'a, kuma ga su can da ƙafafunsu. Guda ya ci ta yadda ta zo, shi ne nake jinya."

Ruwa na ɗiga daga rawaninsa. Sa'an nan ya ce, "Jummai ta gidana da ta daka gumbar, kwananta biyu kwance." Ya sauke taikin da kansa, ya jingine ga rumbu. "Wagga ta bakwai ce. Tsaba ce, ko raɓa ban bari ta taɓa ta ba. Na tambayi Liman, ya ce ladan sadaka ga niyya yake, babu ruwansa da turmi." Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da zai tafi ya juyo ya ce, "Taurin kan kawunka ka ɗauko duka, ba ka rage ma kowa ba."

Daga can cikin ɗakin ajiya muryar Baba Nomau, kamar ta kaza mai mura, ta ce, "Alhaji, a dai ƙara sukari wani karon." Alhaji Bawa ya yi dariya, hawaye na zuba masa.

Abin da Alhaji Bawa ya yi, gari ya bi. Duk gidan da anka yi rashi sai a aiko da tsaba, wani kwano ɗaya, wani biyu. Ban taɓa auna geron nan a tukunya ba ban tuna cewa mutum ne ya kwanta kafin ya iso mana, kuma tsofaffi ba su sha kunu ko sau ɗaya ba sai sun ambaci mamacin da sunansa. Haka munka ja har marka ta ɗaga, rana ta fito ta busar da tabarmi, gulbi ya koma makwancinsa, gero ya fid da kai ya nuna. Tumun farko da na karyo a gonar waƙafi na gasa shi na murje na kai wa Baba Nomau, wanda haƙoransa huɗu ne a duniya. Ya raba biyu ya miƙa wa Kaka Ige rabi, ya ce shari'a ta ƙare. Ta ce ba ta ƙare ba, amma ta karɓa.

Makara ta wuce ƙofarmu daminar nan sau da yawa har Kaka Ige ta daina ƙirgawa. Makarar ba ta karkato cikin zaurenmu ba ko sau ɗaya. Mutum goma sha huɗu munka shiga marka da su, mutum goma sha huɗu sunka ci tuwon sabon gero.

Yau gidan yana da rijiyar burtsatse da rufin kwano, kuma tsofaffin sun fi na da yawa, tun da tashin hankali ya kwaso mutanen ƙauyuka zuwa gari. Har yanzu in anka yi rashi tsaba ake kai wa gidan gajiyayyu, ba a kai gumba, kuma na ji masu kula da shi na yanzu suna gaya wa malamar asibitin nan cewa al'ada ce tun ta kaka da kakanni. Ban gyara musu ba.

Baba Nomau ya ƙara shekara shida, Kaka Ige ta bi shi bayan wata biyar, Alhaji Bawa ma ya riga mu, Allah shi jiƙansu baki ɗaya. Amma ban rasa shaidu ba. Malam Tunau yana nan Isa wajen ɗiyarsa, ido ya tafi, hankali na nan daram. Jummai ta tashi daga ciwonta, tana nan da jikoki, kuma tun daga shekarar nan ba ta sake cura gumba ba. Hajo kuwa ga ta zaune gabana tana tsinke rama yayin da nake wanga rubutu, ta ce in na kai wajen hauya in rubuta shi yadda ya faru, don za ta sa a karanta mata. Na rubuta. Ni na tsare ƙofa, ita ta hura wuta.